Amurka a 1906: Gyara a gida, ɓarna a waje

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakaninmu 'yan boko, a ofis ne ko a majalisar bayan la'asar. Da zarar zance ya biyo ta kan gyaran ƙasa, sai wani ya ce a dubi Amurka, inda doka ke hawa kan kowa. Kafin ya rufe baki wani ya tare shi da cewa ai ƙasar nan ba abin da ta iya sai danne raunana. Na sha zama a irin wannan majalisa, kuma abin da na lura shi ne kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, ya ƙi kallon ɗaya rabin. Saboda haka nake so mai karatu ya ba ni aron hankalinsa, mu ɗauki shekara guda tak daga tarihin wannan ƙasa, wato 1906, mu duba ta ciki da bai.

Kafin mu isa can, ya kamata mu san irin ƙasar da muke magana a kanta. Bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, masana'antu suka bunƙasa cikin gaggawa. A 1869 aka haɗa gabashin ƙasar da yammacinta da layin dogo, miliyoyin baƙi suka yi ta kwarara daga Turai neman leburanci, dukiya kuwa ta taru a hannun 'yan tsiraru. Kamfanin Standard Oil na John D. Rockefeller shi kaɗai ya taɓa riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na tace ɗanyen mai a ƙasar. Sanatoci a lokacin majalisun jihohi ke zaɓensu, sayen ɗan majalisar jiha kuwa bai fi ƙarfin aljihun attajiri ba. Aikin gwamnati ganima ce ta jam'iyyar da ta ci zaɓe, har ta kai a 1881 wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe Shugaba James Garfield. Mutuwarsa ce ta haifar da dokar 1883 wadda ta fara tilasta ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, ko da yake da farko kimanin kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan tarayya kawai ta shafa.

Waɗanda suka fara tunkarar wannan ɓarna galibinsu masu alƙalami ne. Ida Tarbell, wadda mahaifinta ƙaramin ɗan kasuwar mai ne a jihar Pennsylvania da ya sha matsa a hannun Rockefeller, ta zauna tana tonon takardun kotu da rahotannin kwamitocin majalisa, sannan daga 1902 zuwa 1904 ta buga sakamakon bincikenta kashi 19 a mujallar McClure's. Ta nuna dalla-dalla yadda kamfanin ke karɓar rangwame na asiri daga kamfanonin jirgin ƙasa, ya karya farashi har abokan gasa su durƙushe, sannan ya saye su a wulaƙance. A Nuwamban 1906 gwamnatin tarayya ta kai kamfanin kotu a ƙarƙashin dokar hana babakere ta 1890, kuma a 1911 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a yanka shi gida 34.

Shi kuwa Upton Sinclair, a ƙarshen 1904 ya yi makonni bakwai a unguwar mahautan Shikago, yana shiga masana'antun sarrafa nama cikin tufafin lebura. Littafinsa mai suna The Jungle ya fito a Fabrairun 1906, ya bayyana yadda ake niƙa ruɓaɓɓen nama a tura kasuwa, da yadda wuƙa da injin ke cinye yatsun ma'aikata. Shugaba Theodore Roosevelt bai yarda da marubucin ba, don ɗan gurguzu ne, sai ya aika mutanensa biyu, Charles Neill da James Reynolds, su gane masa. Suka dawo da rahoton da ya gaskata yawancin ƙazantar. Dama tun 1902 wani masanin sinadarai na gwamnati, Harvey Wiley, yana ciyar da wasu samari 'yan sa-kai irin magungunan da ake zuba wa abinci don kada ya lalace, yana rubuta abin da suke yi wa jikinsu. Ranar 30 ga Yunin 1906 Roosevelt ya sanya hannu a kan dokar duba nama da dokar tsabtar abinci da magunguna, tushen hukumar FDA, wadda ke yin irin aikin NAFDAC a nan gida.

Amma a lura, dokar ta kula da tulu ne, ta manta da mai ɗauko ruwa. An tsabtace naman da masu hali ke ci, leburan da aka rubuta littafin dominsa aka bar shi inda yake. Sai da gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle a birnin New York ranar 25 ga Maris 1911, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata baƙin haure, wasunsu a bayan ƙofar da aka kulle, sannan jihar ta yi dokokin kare ma'aikata masu haƙora.

To, wannan fuska ɗaya ke nan. Mu koma watan Maris na 1906, wata uku kafin a sa hannu a dokar nama. A 1898 Amurka ta ci Sifen da yaƙi, ta karɓi Puerto Rico da Guam, ta biya dala miliyan 20 ta karɓi tsibiran Filifin, alhali mutanen Filifin a ƙarƙashin Emilio Aguinaldo sun riga sun yi shelar 'yancin kansu. Yaƙin da ya biyo baya daga 1899 zuwa 1902 ya ci sojan Amurka sama da 4,000, da mayaƙan Filifin kimanin 20,000, da fararen hula da aka ƙiyasta sun kai 200,000 saboda yaƙi da yunwa da annoba. A kudancin tsibiran akwai Musulmi da ake kira Moro, waɗanda Sifen ta yi ƙarni uku ba ta gama murƙushe su ba. Wasu ɗaruruwa daga cikinsu a tsibirin Jolo, maza da mata da yara, suka ƙi harajin da aka ɗora musu, suka hau wani mataccen dutse mai aman wuta da ake kira Bud Dajo, suka zauna a cikin raminsa. Janar Leonard Wood, gwamnan lardin, ya sa aka haura da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu har bakin ramin. Cikin 'yan kwanaki aka kashe tsakanin mutum 800 zuwa 1,000, waɗanda suka tsira ba su taka kara sun karya ba, sojan Amurka kuwa wajen 20 suka mutu. Roosevelt ya buga wa Wood wayar taya murna, kuma a 1910 Wood ya zama babban hafsan sojan ƙasa. A cikin wannan wata na Maris ɗin ne dai sojan Ingila suka baje garin Satiru kusa da Sakkwato, saboda haka mu ba baƙi ba ne ga irin wannan labari.

A Nuwamban shekarar Roosevelt ya kori baƙaƙen sojoji 167 daga aiki ba tare da shari'a ba, bisa zargin harbe-harbe a garin Brownsville na jihar Texas, hukuncin da ba a warware ba sai a 1972. A Disamba kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, saboda sasanta Rasha da Japan da ya yi a 1905. Wannan shi ne mutumin da a 1903, da majalisar dattawan Kolombiya ta ƙi amincewa da yarjejeniyar haƙa mashigin ruwa, ya tura jiragen yaƙi suka tsare wa 'yan awaren Panama baya, sabuwar ƙasar ta ba shi abin da yake so cikin makonni biyu.

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, yaya aka yi hannu ɗaya ya yi wannan ya yi wancan? Cewa munafunci ne amsa ce mai sauƙi, amma ba ta gamsar da ni ba. A ganina gyaran ya tsaya ne daidai inda ƙuri'a ta tsaya. Mai sayen nama yana da ƙuri'a, yana sayen jarida, ɗan majalisa na jin tsoronsa. Ba-Moro ba shi da wakili a Washington, baƙar fatar kudancin Amurka kuwa jihohi sun ƙwace masa ƙuri'a da harajin zaɓe da jarrabawar karatu, Kotun Ƙoli kuma ta halatta wariya tun 1896. Sannan akwai girman kai irin na mai ilimi da ya tabbata shi ya san abin da ya dace da kowa. Wannan yaƙinin da ya sa su gyara birane shi ya sa suka ga ya halatta su mallaki wasu al'ummu da sunan wayar musu da kai.

Adalci ne kuma a faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tun 1898 aka kafa ƙungiyar adawa da mulkin mallaka a birnin Boston, wadda ta haɗa marubuci Mark Twain, da attajiri Andrew Carnegie, da Jane Addams, matar da ta buɗe gidan taimakon baƙin haure na Hull House a Shikago a 1889. Sun sha kaye, domin a Fabrairun 1899 majalisar dattawa ta amince da karɓar Filifin da ƙuri'a 57 da 27, kuma tsibiran ba su sami 'yanci ba sai 1946. Ida B. Wells ta yi shekaru tana ƙirga baƙaƙen fatar da gungun mutane ke kashewa ba shari'a, tana bugawa, ba ta ga dokar tarayya a kai ba har ta rasu a 1931.

Abin da na ɗauka daga wannan shekara abu biyu ne. Na farko, ga abokina mai cewa ba abin koyi a Amurka: Tarbell ba ta yi zagi ba, takarda ta kawo, kuma tsakanin maƙalarta ta farko da hukuncin kotu shekara tara ne. Zaɓen sanatoci kai-tsaye sai 1913, ƙuri'ar mata a faɗin ƙasa sai 1920. Mu da ke rubuta zazzafan sharhi ranar Juma'a mu manta da shi kafin Litinin, muna da abin dubawa a nan. Na biyu, ga abokina mai ganin Amurka madubi ce: ƙasa tana iya gyara cikin gidanta ta ci gaba da zaluntar wanda ba ya da murya a cikinsa, kuma ba a taɓa ba wani adalci don kawai mai mulki ya yi karatu ba. Duk ranar da muka zauna tsara gyara, kafin mu tafa wa kanmu, mu tambaya wane ne ba ya cikin ɗakin: manomin da ba ya karanta jarida, ko almajirin da ba ya cikin lissafin kowa. Allah Ya sa mu gyara, Ya kuma tsare mu da zaluntar wanda ba ya iya kai ƙararmu ko'ina sai gare Shi.