Salon Umarni da Salon Fankshin: Wanne Ya Fi Riƙe Manhaja?

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan tambaya guda: bayanin da aka ajiye a ƙwaƙwalwar na'ura, a bari a riƙa sauya shi, ko kuwa a hana? Yaruka irin su C da Java, waɗanda ake kira masu salon umarni, sun yarda a sauya. Su kuwa Haskell da Erlang, masu salon fankshin, sun hana. Na farkon tamkar allo yake, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa a wuri guda. Na biyun kuwa littafin bashin ɗan kasuwa ne, ba a goge layi, sai dai a ƙara sabo a ƙasa.

Kowanne da asalinsa. Salon umarni ya taso ne daga jikin na'urar kanta, domin haka take aiki: ɗauko wannan adadi, ƙara masa ɗaya, mayar da shi mazauninsa. A kan wannan tafarki Dennis Ritchie ya gina C a shekarar 1972. Salon fankshin kuwa daga lissafi ya fito, daga aikin Alonzo Church na shekarun 1930, tun kafin kwamfutar zamani ta bayyana, har John McCarthy ya ɗora Lisp a kansa a 1958. Abin lura shi ne John Backus, wanda ya jagoranci ƙirƙirar Fortran, yare mai salon umarni, shi ne da kansa ya tsaya a laccarsa ta lambar yabon Turing a 1977 yana kira da a koma ga salon fankshin.

Inda salon fankshin ya fi nuna ƙarfinsa shi ne wajen farautar kuskure. A ce manhajar banki tana riƙe da ragowar kuɗin wani, dubu goma. Buƙatu biyu suka iso lokaci guda, kowacce na son cire dubu takwas. Ta farko ta duba ta ga dubu goma, kafin ta rubuta sabon adadi ta biyu ma ta duba ta ga dubu goma, duka biyun suka wuce. A salon umarni ana toshe wannan ƙofa da makullai, kuma ana iyawa, amma mantuwa ɗaya ta isa, ga shi irin wannan kuskure ba ya bayyana ranar gwaji sai ranar cunkoso. A Erlang kuwa kowane ƙaramin aiki yana da rumbunsa shi kaɗai, ba mai taɓa na wani, sai dai a aika masa saƙo ya amsa bi da bi. Idan ɗaya ya faɗi, akwai mai sa ido da zai tashe shi, sauran ba su ma sani ba.

Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara Erlang a 1986 domin na'urorin haɗa kiran tarho, waɗanda ba a yarda su tsaya ba. Wannan gado WhatsApp ya ci. A 2012 ya sanar da cewa na'urarsa guda ta ɗauki layin sadarwa miliyan 2 a lokaci ɗaya, kuma sa'ad da Facebook ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 19, yana da masu amfani kimanin miliyan 450 alhali ma'aikatansa ba su kai 60 ba. Wannan hujja ce mai nauyi, ban ga yadda za a rage mata daraja ba.

Sai dai salon umarni ma yana da nasa hujjojin, kuma ba ƙanana ba ne. Hana gogewa yana cin wuri da lokaci, domin sauyi yana buƙatar sabon kwafi, ko da yake yarukan fankshin sun ƙware wajen rage kwafi. Shi ya sa zuciyar Linux har yau galibinta da C take, haka ma ƙananan na'urorin da ke cikin mota da mitar lantarki. Ga kuma batun mutane. Kamfanin da ke neman mai Java ko Python zai samu da yawa, da littattafai da kayan aiki a shirye. Mai neman gwanin Haskell kuwa sai ya jira, kuma wanda ya saba da umarni yakan sha wuya kafin tunaninsa ya juya.

Iyakar da ke tsakanin salon biyu ma ta fara dushewa. Java ta karɓi dabarun fankshin a sigarta ta 8 a 2014, kuma duk mai rubuta ƙa'idar lissafi a gurbin Excel, irin wannan tunani yake yi ko bai sani ba.

A ganina, kamfanin da aikinsa ya ƙunshi dubban buƙatu a lokaci guda, ko kuɗin jama'a da kuskure a cikinsu ke da tsada, ya cancanci ya jure wahalar koyon yaren fankshin irin Erlang ko Elixir, domin zai fanshe ta wajen gyara. Ƙaramar tawaga mai gina manhajar shago ko ta makaranta kuwa ta zauna a kan yaren da ta iya, ta ɗauki ɗabi'ar kawai: ta rage bayanan da ake sauyawa, ta ware sashen lissafi daga sashen da ke taɓa rumbun ajiya da intanet.