Ɗarin Faransa: Lokacin da Motar Gayu ke Shiga Gareji

A ƙasar Faransa akwai mutane, samari da dattawa, waɗanda ba su barin mota yadda ta fito daga masana'anta. Sukan ƙara wa inji ƙarfi, su sassauto da motar har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, su sa mata tayu masu faɗi. Ɗaya daga cikin motocin da suka fi so ga wannan aiki ita ce Peugeot 205 GTI, wadda ta fito cikin 1984 da ƙarfin doki 105, kana cikin 1986 aka fitar da mai ƙarfin doki 130. An daina ƙera ta cikin 1994. Ke nan duk wadda ake gani bisa hanya yau ta ba shekara 30 baya. Tsohuwar mota da aka ƙara wa gudu, idan ɗari ya shigo, sai a yi hattara.

Ɗarin can ba irin namu ba ne. A ƙauyen Mut, kusa da iyakar Suwis, awon sanyi ya sauka har digiri 36,7 ƙasa da sifiri ran 13 ga Janairu 1968. Cikin irin wannan hali ruwa yakan zama ƙanƙara, ya kumbura da wajen kashi 9 cikin 100, har ya tsaga inji. Saboda haka ba a zuba ruwa tsantsa cikin radiyata: ana gauraya shi rabi da rabi da wani magani mai hana daskarewa. Batir ma yakan raunana, man inji ya yi kauri, mota ta ƙi tashi da safe.

Amma babban abokin gaba shi ne gishiri. Hukuma tana barbaɗa shi bisa hanyoyi domin ya narkar da ƙanƙara, shi kuwa sai ya manne ƙarƙashin mota yana cin ƙarfe. Motar da aka sassauto ta fi kowace kwasarsa. Don haka da yawa daga masu irin waɗannan motoci sukan ajiye su daga Nuwamba har Maris. Kafin ajiya sukan wanke ƙarƙashinta, su yi juyen mai, su cika tanki da esansi don kada raɓa ta taru ciki, su ƙara wa tayu iska, su haɗa batir da ƙaramar na'ura mai riƙe masa caji.

Watannin nan kuwa ba na hutu ba ne, na aiki ne. Mai hankali yakan fara da abin da ke tsare rai. Man birki yana shan laima, shi ya sa ake sake shi kowace shekara 2. Igiyar roba mai haƙora da ke daidaita bugun inji, in ta tsinke, fistan ya bugi bawul, injin ya lalace nan take. A 205 kuma ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya sananne ne da cijewa idan ruwa ya shige shi. Sai an gama da waɗannan ake zancen ƙarin ƙarfi, kuma ba a ƙara wa inji ko doki ɗaya ba tare da an ƙara girman birki ba.

Wanda ya ce sai ya tuƙa tasa cikin ɗari, doka tana jiransa. Tayun rani suna sandarewa da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Tun 2021, a garuruwan duwatsu da hukuma ta ƙayyade, tilas ne daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris a sa tayun ɗari, ko a riƙe sarƙar ɗaura wa tayu cikin mota. Haka nan, duk babban canjin da aka yi wa mota, sai ma'aikatan gwamnati sun auna ta sun sake amincewa da ita. Wanda ya ɓoye, in haɗari ya auku, kamfanin asirans yana iya ƙin biya, nauyin diyya ya faɗo kansa.

Jama'a masu karatu, wannan zance bai yi nisa da mu ba. Motoci da dama da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram tsofaffin Turai ne, sun sha gishirin shekaru kafin su ƙetaro teku. Mai saye ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya dubi bututun birki da gindin ƙofofi, ya tambaya ko an taɓa injin. Kada sabon fenti ya zame masa kyan ɗan maciji. Allah ya kiyaye hanya.