Cin Maiƙo Ko Rage Loma: Wanne Ke Sauke Ƙiba?

A 'yan shekarun nan wani tsarin cin abinci mai suna keto ya bazu a duniya. Masu tallarsa cewa suke yi ka bar shinkafa, burodi, tuwo da sukari, ka ci nama mai kitse, ƙwai da man shanu son ranka, teɓa za ta zube.

Asalin tsarin magani ne. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya. Daga baya, a 1972, littafin Dakta Robert Atkins ya sa masu neman rage ƙiba suka rungumi makamancinsa.

Wanda ya fara keto zai ga nauyinsa ya sauka da sauri a makon farko, amma yawancin abin da ya tafi ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Da ajiyar ta ƙare saboda barin cin sitaci, ruwan sai ya fita. Ranar da aka koma wa shinkafa, shi ma ya dawo.

A 2018 masana a Jami'ar Stanford sun fitar da sakamakon bibiyar mutum 609 na tsawon shekara guda. Waɗanda suka rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, waɗanda suka rage maiƙo kuma kilo 5.3, tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Ɓangarorin biyu duk sun rage yawan kalorin da suke ci a rana, kuma nan sirrin yake.

A kula, giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Yawan kitsen dabba yana iya ƙara maiƙon da ke toshe hanyoyin jini. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su fara keto sai da izinin likita.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka rage malmalar tuwo da man miya, ka bar lemon kwalba, ka yawaita ganye da wake, ka riƙa tattaki kullum. Zaɓi tsarin da za ka iya riƙewa shekara da shekaru, domin ƙibar da ta taru a hankali, a hankali take sauka.