Finafinan Sojan Doki Uku Na John Ford: Wanne Ne A Gaba?

Dattawan Dutse da Kiyawa da Jahun waɗanda suka yi zaman cin rani a birnin Kano, tun kafin a yanke Jihar Jigawa a 1991, ba su manta da zamanin da fim ɗin kaboyi yake cin kasuwarsa a gidajen silima irin su Rex da Palace da Plaza ba, kafin finafinan Indiya su ture shi. Yanzu da wayar hannu ta komo da waɗannan tsofaffin finafinai, ya kamata a zauna a auna su, domin ba dukansu ne ɗaya ba.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne John Ford, Ba'amurke, wanda ya rasu a 1973. A cikin shekara uku ya shirya finafinai uku a kan rundunar sojan doki ta Amurka da yaƙinta da mutanen ƙasar na asali, waɗanda 'yan kallo suka saba kira Indiyawan daji. Su ne Fort Apache a 1948, da She Wore a Yellow Ribbon a 1949, da Rio Grande a 1950. John Wayne ya fito a cikin dukansu.

Idan don hawa ne kaɗai, to Rio Grande ya gama magana. A nan ne ake ganin Ben Johnson da Harry Carey ƙarami kowanne a tsaye bisa dawaki biyu, ƙafa ɗaya a bayan kowane doki, suna sukuwa har da tsallake shinge, abin da ko a hawan Salla sai a jinjina wa mai yinsa. Amma labarin bai da nauyi. Wani kanar ne da matarsa da suka yi shekara 15 ba sa tare, ɗansu ya faɗi jarrabawar makarantar hafsoshi ya shigo soja a ƙarƙashin ubansa. Waƙe-waƙe sun yi yawa, Apache kuma ba a ba su bakin magana ba, sai dai su kawo hari su sace yara. Dama Ford bai yi shi don ra'ayin kansa ba: kamfanin Republic ne ya gindaya masa shi kafin ya ba shi kuɗin shirya The Quiet Man. Wannan shi ne na uku.

Na biyu shi ne She Wore a Yellow Ribbon, wanda shi kaɗai ne mai launi a cikinsu, har mai ɗaukar hotonsa Winton Hoch ya sami lambar Oscar. Wayne, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ya fito a matsayin tsoho Kyaftin Brittles wanda saura masa kwanaki ya bar aiki a 1876. Yakan je kabarin matarsa ya ba ta labarin wuninsa. Aikinsa na ƙarshe shi ne hana yaƙi, sai ya bi dare ya kore dawakin abokan gaba, aka watse ba a zubar da jini ba. Masu kiwon doki za su lura da yadda sojoji kan sauka su ja dawakinsu da ƙafa don su huta, ko da hadari ya haɗo. Da kyan gani ne ma'auni, da shi ya zo na fari.

Amma Fort Apache ya sha gabansu, saboda shi ne ya taɓa maganar alkawari. Henry Fonda ya fito a matsayin Laftanar Kanar Thursday, hafsa mai girman kai, wanda yake ganin an wulaƙanta shi da aka turo shi wani sansani a bakin daji. Cochise, shugaban Apache, ya kwashe jama'arsa ya ƙetare zuwa Meziko saboda wakilin gwamnati yana cutarsu, yana sayar musu da mugunyar barasa. Kyaftin York, wato Wayne, ya bi shi har can ba makami, ya ba shi amana cewa in ya komo za a yi sulhu. Da Cochise ya komo, sai Thursday ya ce alkawarin da aka yi wa irin waɗannan mutane bai zama wajibi a cika ba. Ya ci mutuncinsa a gaban jama'a, sa'an nan ya ƙi jin shawarar York, ya kai sukuwa cikin wani kwazazzabo inda Apache suka yi kwanto a kan duwatsu. Shi da kusan duk mutanen da ya ja aka hallaka su.

Mutumin ƙasar Dutse ba ya bukatar a fassara masa wannan kuskure. A ƙarni na 19 wannan yanki na kudu maso gabashin Kano shi ne bakin dāga, Ningawa suna fitowa daga duwatsunsu suna kawo hari, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Barade sun daɗe da sanin cewa doki sarki ne a fili, amma in ya shiga tsakanin duwatsu ya zama kaya.

Ƙarshen fim ɗin ne ya fi jawo gardama. Bayan shekaru, 'yan jarida suka zo suna yabon Thursday a matsayin gwarzo, suna zancen wani zane da aka yi na sukuwarsa. York, wanda ya ga abin da idonsa, bai ƙaryata su ba. Ya rufa wa mamacin asiri don mutuncin runduna, ya sa hula irin tasa, ya hau ya fita. Wasu masu sharhi sun ce Ford ya goyi bayan ƙarya ke nan. Wannan zargi bai yi ƙarfi ba, tun da shi ne ya fara nuna wa 'yan kallo gaskiyar tukuna, har suka ga yadda ake ƙera ƙaryar. Labarin kuma an ɗora shi ne a kan Custer, hafsan da aka kashe da mutanensa a Little Bighorn a 1876, Amurka ta daɗe tana yi masa kirari.

Ford bai tsaya a kan ukun nan ba. A 1960 ya yi Sergeant Rutledge, inda Woody Strode ya fito a matsayin sajan baƙar fata na runduna ta 9, wanda aka gurfanar gaban kotun soja bisa laifin kisa da fyaɗen da bai aikata ba. A 1964 kuma ya yi Cheyenne Autumn, ya ba da labarin daga wajen waɗanda aka kora daga ƙasarsu.