Ka taɓa tsayawa a Salaga?

Ko kai makiyayi ne mai gangaro da shanu daga Faga, ko ɗan kasuwa mai lodin goro a Zangon Kumasi, yau hirarmu a kan hanyar da kake bi ce. Sau nawa ka ratsa arewacin Gana kana gyangyaɗi a bayan lori, alhali kana wuce wuraren da kakanninka suka kwana, suka yi ciniki, wasu ma aka binne su a can? Baƙi daga Amurka suna biyan kuɗin jirgi su zo kallon waɗannan wurare. Mu da abin ya shafa kuwa, sai mu wuce ko waige babu.

Bari mu fara da Salaga, wato babbar kasuwar ƙasar Gwanja ta da. A ƙarni na 19 nan ne ƙarshen tafiyar fatake daga Kano, Katsina da Sakkwato. Madugu zai jagoranci ayarin jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da kayan fata, a shafe watanni a hanya, a juyo da goro. Me ya sa ake tsayawa a Salaga, alhali goron daga kurmin Asante yake fitowa? Saboda sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su shiga kurmi su saya da kansu. Sai a kawo musu goron Salaga, a yi ciniki a can.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante ya karye, Salaga ta fita daga hannunsu, goro kuma ya rage zuwa. A 1892 yaƙin basasa a kan sarautar Kpembe ya tarwatsa garin. 'Yan kasuwa suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete-Krachi. Bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896, hanya ta buɗe, mutanen arewa suka fara zama a cikin birnin da yawa. Ka ga ke nan Zangon Kumasi da kake sauka a cikinsa yau, magajin Salaga ne.

To, me za ka gani in ka je? Rijiyoyi, ɗan'uwa. Tsoffin rijiyoyi birjik da aka haƙa don shayar da ayari da dabbobinsa. Akwai kuma wurin da har yau ake kira da Hausa, Wankan Bayi, inda ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa. Wannan sunan kaɗai ya isa ya sa ka yi shiru. Gaskiya ɗaya ce: ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, har da mutane. A cikin masu saye akwai masu jin Hausa, a cikin waɗanda aka ɗaure ma akwai su. Ba daɗin ji, amma tarihinmu ne, kuma gara ɗanka ya ji daga bakinka.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Daga Kumasi ka bi Mampong, Ejura, Atebubu, har Yeji. A nan za ka shiga jirgin fito ka haye tafkin Volta zuwa Makango, sai mota ta kai ka Salaga. In daga arewa kake, ka sauka Tamale ka nemi motar Salaga. Lokacin rani ya fi, don damina tana ɓata hanya, ciyawa kuma tana rufe bakin rijiyoyin.

Kai kuma da ke shigowa ta iyakar Burkina Faso, ba sai ka yi nisa ba. Kusa da Faga, a Nania, akwai sansanin bayi na Pikworo. A kan duwatsun wurin za a nuna maka ƙananan ramuka da mutanen garin ke cewa a ciki bayi suke cin abinci. Yayin da ake duba takardun lori a boda, ka bar yaro da kaya, ka je ka dawo.

Kada ka ce wata rana ka je. Dubi abin da ya sami Kete-Krachi. Can ne Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna bayan watsewar Salaga, yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da Larabci da ajami, har ya rasu a 1934. Shekara talatin bayan haka aka toshe kogin Volta a Akosombo, ruwa ya taso, aka tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu. Tsohon garin Kete-Krachi ya tafi ƙarƙashin ruwa. Inda ruwa bai ci ba, gini da gona da mantuwa suna ci a hankali. Tsofaffin da suka san sunan kowace rijiya kuma kullum raguwa suke yi.

In ka tashi zuwa, riƙe waɗannan. Ka fara gaida mai gari ko liman, ka faɗi daga inda ka fito da abin da ya kawo ka. Ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka ba shi na goro. Kada ka ɗauki ko tsakuwa ka ce tsaraba ce. Kada ka ɗauki hoto sai ka tambaya. Makiyayi, ka nisanta garke daga rijiyoyin: kofato yana rushe bakinsu, kuma abu kaɗan ke jawo rigima da 'yan ƙasa, ka fi kowa sani. In akwai kabari, ka yi wa mamata addu'a.

Sannan ka tafi da yaro ɗaya, naka ko na maƙwabci. Da yawa daga yaran Zango ba su san dalilin da ya sa ake jin Hausa a tsakiyar Asante ba. Ka tsayar da shi a bakin rijiya ka gaya masa. Gani ya kori ji.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.