Wuƙaƙen da ke tsagewa cikin dare

Da yamma zai gama wuƙa, ya ajiye ta a kan taga lafiya lau, da asuba ya tarar ta tsage daga baki har gadon baya. Ba wanda ya taɓa ta. Matarsa ta ce wani dare har ƙarar ta ji, ƙas, daga inda ya jera su.

Malamin firamare ne a Kabo da ya yi ritaya, ƙira kuwa sha'awa ce ta kai shi. Ya kafa guntun gatarin babbar mota a cikin kututture ya zama uwar maƙera, ya sayi zuga-zugi da masaba da awartaki, ya fara da ƙugiyoyi da ƴan lauje na rodi a zaurensa. Ba ɗan gado ba ne, don haka maƙwabta ba su sha wahalar neman dalili ba: ɗan haye ya kutsa sana'ar masu asiri, an ɗaure masa wuta. Shi dai ya lura da abu guda, cewa duk abin da ya ƙera a watanninsa na farko yana nan garau. Ke nan wani abu ya canza.

Gawayi ya fara zargi. Na girki yake saye, mai tartsatsi da saurin zama toka, alhali maƙera tun da can na ƙirya suka fi so saboda nauyinsa da daɗewar wutarsa. Ya samo na ƙirya, wuta ta yi kyau, wuƙa ta sake tsagewa. Ya duba uwar maƙera ko kaifin gefenta ne ke yi wa ƙarfe rauni, ya goge shi da magagari. A banza.

Sai ya naɗe tsagaggun a tsumma ya hau mota zuwa Gwarzo, wurin wani tsohon maƙeri. Tsohon ya ɗora guda a kan uwar maƙera ya buga, ta karye nan take. Ya miƙa masa cikin karayar: tsakuwa-tsakuwa take, tana ƙyalli kamar gishiri.

"Malam, wannan ai sifirin mota ne. Da me ka sanyaya shi?"

"Ruwan randa, Baba."

Nan rabin amsar ta fito. Rodi ƙarfe ne mai laushi, sinadarin gawayin da ke cikinsa kaɗan ne, ko an tsoma shi a ruwa ba ya damuwa. Sifirin kuwa yana ɗauke da wajen kashi 0.6 cikin 100, kuma wannan ɗan adadin ne ke sa shi yin tauri in ya huce farat ɗaya. Kakannin maƙeran ƙasar Kano tama suke narkawa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ƙarfen waje da tarkacen inji suka ci kasuwa, kowane da halinsa.

Amma malamin bai gamsu ba, kuma da gaskiyarsa. A gabansa tsohon ya tsoma bakin gatarin sifirin a ruwa, bai tsage ba. To me ya bambanta su? Tsohon ya ce sai ya ga inda ake aikin.

Da ya zo Kabo bai tarar da maƙera a zaure ba. Hayaƙi ya dami baƙi, malam ya kwashe kayan ya mai da su tsakar gida, fili fetal, kuma a makon da ya sayo sifirin ne ya yi ƙaurar. Tsohon ya sa shi ya zuga da tsakar rana har ya ce ƙarfe ya yi ja, lokacin tsomawa ya yi. Sai ya karɓi awartakin ya ruga da shi cikin zaure. A duhu, abin da malam ya kira ja ashe ruwan lemo ne mai haske, ya kusa rawaya.

Rana ce ke cinye launin. Maƙeri da ido yake auna zafi, shi ya sa rumfar ƙira ke da duhu-duhu. Ba talauci ne ya hana su buɗe ta ba. Sifirin yana son digiri 800 da ɗoriya kafin a sanyaya shi, malam kuwa yana zarce hakan nesa ba kusa ba, ƙwayoyin ƙarfen su yi girma, sannan ya jefa wuƙar gaba ɗaya cikin ruwan hunturu. Waje ya ƙanƙame, ciki na ja, ƙarfen ya kwana a takure har ya sami inda zai ɓalle. Dalilin ƙarar dare ke nan.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Ya kewaye maƙerar da zana ya rufa mata kwano. Ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, domin ƙarfe na daina kama shi a digiri 770, in ya saki sai a ƙara zuga kaɗan a cire. Ya bar ruwa ya koma mai. Sai matakin da bai taɓa sani ba: kafin wuƙa ta kwana, ya goge gefenta har ya yi fari, ya ɗora bayanta a kan garwashi yana kallo. Launi na tasowa daga baya yana gangarowa, da zarar bakin ya yi ruwan kara sai ya ɗauke ya tsoma.