ZANEN YARO ƘARAMI: ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU SANI

Kowace shekara idan aka koma makaranta a watan Satumba, akwai wata damuwa da mukan ji daga bakin iyaye a Tudun Jukun da sauran unguwannin Tudun Wada. Yaro ya shiga nasare ko aji ɗaya, ya dawo gida da littafinsa. An ce ya zana mutum, shi kuwa ya yi wani ƙaton kai, ƙafafu biyu sun fito daga haɓa, ba wuya ba ciki. Uwa ta leƙa littafin ɗan maƙwabciya, ta ga nasa har da riga da hula. Nan take sai hankali ya tashi: "Anya yaron nan yana da ƙwaƙwalwa kuwa?" Wani uban ma har da tsawa da ranƙwashi.

Mun ga ya dace mu yi ɗan bayani a kan wannan, domin iyaye da malamai, da kuma ɗalibanmu masu ƙanne a gida, waɗanda su ne iyayen gobe.

Zane yana da matakai

Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Haka zane yake. A shekarar 1947 wani malamin zane a Amurka mai suna Viktor Lowenfeld ya bayyana matakan da yara ke bi. Daga shekara 2 zuwa 4 yaro yana jagwalgwalo ne kawai, yana jin daɗin yadda hannunsa ke barin alama. Daga 4 zuwa 7 sai siffofi su fara fitowa, kuma mutum na farko da yakan zana shi ne wannan mai kai da ƙafafu. Sai wajen shekara 7 zuwa 9 ne yake samun tsayayyar hanyar zana mutum da gida da itace, yana jera su a kan layi guda.

Wata malama kuma, Rhoda Kellogg, ta tara zanen yara kimanin miliyan ɗaya daga ƙasashe dabam-dabam, ta ga kusan hanya ɗaya suke bi. Ashe ƙaton kan nan ba na ɗanki ba ne shi kaɗai.

Likitocin yara ma suna da ma'auni. Yawanci ɗan shekara 3 yana iya kwaikwayon da'ira, ɗan shekara 4 alamar tarawa ta lissafi, ɗan 4 zuwa 5 siffa mai kusurwa huɗu, ɗan 5 zuwa 6 kuma alwatika. Dalili shi ne ƙarfin hannu daga kafaɗa yake farawa, ya sauko gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Shi ya sa ƙaramin yaro ke damƙe fensir kamar muciya.

A ƙa'idar ilimi ta Nijeriya, da shekara 6 ake shiga firamare. Amma sau da yawa mukan kai ɗan shekara 4, mu ce ya yi aikin ɗan shekara 6. Ko a aji ɗaya ma, wani ya girmi wani da wata goma ko fiye, kuma a wannan lokacin wata goma ba ƙaramin abu ba ne.

Shin zane yana nuna basira?

A shekarar 2014 masu bincike na King's College da ke Landan sun buga sakamakon nazarin da suka yi a kan tagwaye, haihuwa 7,752. An sa su zana yaro suna 'yan shekara 4, aka gwada basirarsu a lokacin, aka sake gwadawa da suka kai 14. An sami dangantaka tsakanin zanen da basira, amma ba mai ƙarfi ba, har masu binciken da kansu suka ce kada iyaye su damu idan ɗansu bai iya zane ba. Zane ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi da yawa. Wani yaron bakinsa ne ya yi gaba, wani lissafi, wani waƙa.

Abin da za mu iya yi a gida

Ba sai an sayi kayan tsada ba. Gawayi da alli da tsohuwar takarda sun isa, har ma tsinke da rairayin tsakar gida. A bar yaro ya yi ginin laka, ya haɗa motar kara ko ta gwangwani, ya yi 'yar carafke, ya taya ɓarar gyaɗa da tsintar wake, ya koyi ɓalle maɓallin rigarsa. Duk waɗannan suna ƙarfafa yatsu, fiye da a zaunar da shi awa guda ana tilasta masa.

Idan ya kawo zane, kada mu ce "Wannan kuma wane shirme ne?" Mu ce "Ba ni labarin abin da ka zana." Za mu sha mamakin abin da ke cikin ɗan kan nan. Kada mu riƙe hannunsa mu zana masa, kada mu gwada shi da ɗan wani a gabansa. Bahago kuma a bar shi da hannunsa wajen zane da rubutu. Yaron da aka kunyata yakan ce "Ni ban iya ba," ya ajiye fensir, kuma wannan tsoron yakan bi shi har wajen rubutu.

Yaushe ya kamata a nemi taimako?

Ba mu ce a rufe ido ba. Idan yaro ya kai shekara 4 bai iya kwaikwayon da'ira ba, ko yana kai takarda dab da idonsa, ko hannunsa yana rawa, ko magana da tafiya ma sun yi jinkiri, ko kuwa ya daina yin abin da a da yake iyawa, to a fara tuntuɓar malaminsa, sannan a kai shi wurin likitan yara, kamar a asibitin koyarwa na Shika. Wani lokaci tabarau kawai yake bukata.

Garinmu garin zane ne

Mu tuna inda muke zaune. A nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Maginan Zariya sun yi suna wajen ƙawata fuskar gida da dagi da takobi, har da keke. A Samaru kuma, a shekarar 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar zane wadda ta sauya fasahar Nijeriya. Babu ɗayansu da aka haifa da alƙalami a hannu.

Saboda haka, iyaye, mu yi haƙuri. Mu adana zanen farko, mu rubuta kwanan wata a bayansa, bayan wata shida mu ajiye sabo kusa da shi. Yaro da jiyansa ake gwada shi, ba da ɗan maƙwabci ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana su.